Sakan Bakwai Na Muryar Hamza

Akwai wata Talata ta watan Rajab da ko na so in manta da ita ba ta barina. Kun sha tambayata me ya sa nake tada jijiyar wuya idan na ga wani ya kai hannu zai goge ɗanyen kwafi, har kuna ce mini Malam Kar-a-goge a bayan idona. Ina ji, ni ba kurma ba ne. To yau ku ja kujera ku ji dalili.

A lokacin ina shekara ta shida a wannan shago namu na Hindawiyya, unguwarmu ta Hausawa a wannan birni na bakin teku kusa da Makka. Mu'allim Usman ne mai shago, ni Sa'adu kuma fanni, wato wanda ke zaune gaban na'ura. Aikinmu shi ne wanda kuka tarar: a kawo tsohon kaset, na murya ko na bidiyo, mu juye shi a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Ga wanda bai san tsarin ba, da farko ana duba lafiyar zaren. Sai a kunna shi daga farko har ƙarshe kwamfuta na ɗauka, wannan shi ne ɗanyen kwafi, komai na ciki, har tari da kukan fanka. Daga nan sai tanzif, wato wanki: a rage shuu ɗin, a yanke surutu da shirun da ke tsakanin waƙoƙi, a raba kowace waƙa daban. Dokar Mu'allim kuma ita ce ɗanyen kwafi ya yi sati biyu a kwamfuta bayan an ba da aiki, ko da mai kaya zai dawo da ƙorafi.

Ni kuwa a tanzif nake taƙama. Daga unguwar Ruwais har ta Abhur ana kawo mini aiki saboda shi. Na kai matsayin da ba na sauraron kaset, kallonsa nake yi. A fuskar kwamfuta waƙa tana fitowa da kauri, maganar mutum kuma siririya, in na hango siririn sai in ja in datse, ko abin kunne ba na sawa. Kaina ya kumbura ƙwarai a shekarun nan, ba na ɓoye muku.

Wata safiya wata mata ta shigo da kwalin takalmi. Sunanta Su'ad, haifaffiyar nan ce, irin waɗanda Hausa ke shiga kunnensu tas amma tana fita da ƙyar. Ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, “Ya Ammi, Umma ce ta aiko ni. Kaset ne na yayana, Allah yarhamu. Tana so a sa su a filas.”

Kaset shida ne, an rubuta musu da Larabci: biyu na shekarun saba'in, biyu na tamanin, biyu na casa'in. Ina buɗe na farko na ji warin danshi. Shekara goma sha huɗu suna ɗakin soro, ga iskar teku, zaren duk ya yi furfura. Na ce mata, “'Yar'uwa, waɗannan sau ɗaya za su yarda a kunna su. Suna wucewa ta kan rikoda maganin jikin zaren zai riƙa zuba, bayan nan sai shara.”

Ta ce, “Halas, shi ke nan, kai ka san aikinka.”

Ban tambaye ta komai ba. Ban ce wane ne yayan nata ba, ban ce me tsohuwa za ta yi da waƙoƙi har kaset shida ba. Na rubuta “tanzif” a takardar karɓa kamar yadda na saba, na ce ta dawo jibi.

Juyewar ta yi kyau, Allah ya taimake ni ko zare ɗaya bai tsinke ba. Marigayin ya san waƙa, wannan kam na ba shi. Na saba'in akwai kiɗan Hijaz, da na Sudan, da kalangun gida irin wanda iyayenmu ke saƙo wa alhazai su kawo musu. Na tamanin waƙoƙin Indiya sun shigo, da na Masar. Na casa'in kuwa rabinsu hip hop ne. Sai dai kafin kowace waƙa akwai siririn layin nan, wani minti ɗaya, wani har uku. Mutumin ya haɗa makirfo da rikoda yana magana kafin ya saki kowace. Na ce a raina, wannan ɗan rediyo ne da bai samu gidan rediyo ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina datsewa, sun kai sittin.

Guda ɗaya tak na saurara har ƙarshe, shi ma don shayina ya yi zafi ne ina jiran ya huce. A farkon kaset na biyar ne. Murya ce mai ɗan kaushi, yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Yana cewa wannan da ake kira hayaniyar Amurka a san asalinta. Baƙaƙen fata ne a wata unguwar talakawa ta New York, ba su da kayan kiɗa sai fayafayan iyayensu. Wani a cikinsu ya lura a kowane faifai akwai ɗan wurin da mawaƙi ke yin shiru ganga kaɗai ke tashi, kuma nan ne masu rawa ke rikicewa. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya yana ta maimaita ɗan wurin, wani kuma ya ɗauki makirfo yana zuba kirari a kai. Ya ce shi bai ga baƙon abu ba, tun yana yaro yake jin maroƙi na magana kan kalangu a bukukuwan Hindawiyya. Na yi dariya, na ce ka ji malamin tarihi, na datse shi ma.

Su'ad ta zo ta karɓi filas da kwalinta. Bayan kwana huɗu aka kawo mana bidiyon biki buhu guda daga Ruwais, kwamfuta ta cika ta ƙi ɗauka. Mu'allim yana Makka. Maimakon in jira shi ko in nemo wani ma'aji, sai na duba abin da ke cin wuri, na ga ɗanyen kwafin kaset shidan nan. Na ce aiki ya yi tsaf, wa zai dawo? Na goge, na ɗora bidiyon biki a kai.

Ranar Talatar, bayan la'asar, sai ga Su'ad riƙe da hannun wata tsohuwa. Hajiya Balki ke nan, mahaifiyarsu. Ciwon suga ya tafi da idonta. Mu'allim, da ya dawo daga Makka, ya tashi ya ba ta kujerarsa, ta zauna, ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina.

Ta ce, “Kai ne mai aikin?”

Na ce, “Ni ne, Hajiya.”

Ta ce, “Sannu, ɗana. Waƙoƙi sun fito tas, na ji su, ban da hayaniyar nan ta Amurka da nake sa a tsallake. To shi fa? Ina Hamza?”

Wallahi a take na gane abin da na datse. Ba sai an yi mini bayani ba.

Amma ta yi bayanin, a hankali, ba faɗa. Hamza direba ne a wani gida a Abhur. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, kuma a shekararsa ta ƙarshe ne ya haɗa kaset ɗin. Idan ya dawo daga wankin ƙoda ya ɗan samu ƙarfi sai ya rufe ɗaki, tana jiyo shi ta bango yana magana, yana faɗin inda ya fara jin kowace waƙa da wanda take tuna masa. Ya rasu kafin zuwan waɗannan wayoyin masu naɗar murya, kuma mutum ne da ke gudun kyamara ko a biki. Shekara goma sha huɗu ta kasa kunna su. Yanzu da ko hotonsa ba ta iya gani, sai ta ce bari ta ji shi. Su'ad tana ƙarama lokacin, ita a zatonta waƙoƙi ne kawai.

Mu'allim ya kira ta inna da Larabci, ya ce, “Ba komai, Khala, muna da ɗanyen kwafi. Yalla Sa'adu, buɗe mata.”

Na ce, “Mu'allim, na goge.”

Ya dube ni. Ya ce, “Yau kwana nawa?”

Na ce, “Tara.”

Ya juya ga kwamfuta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Muka gwada manhajar dawo da abin da aka goge, abin da ya dawo sai guntayen guɗar bikin Ruwais. Su'ad ta koma gida ta ɗauko kwalin, muka sa kaset na farko, zaren ya zama fari kamar leda, sai shuu. Muka sa duk shidan. Hajiya na zaune tana sauraron shuu ɗin nan da dukkan kunnenta, ko za ta tsinci wani abu. Su'ad na kuka tana ce mini da Larabci wa ya ce in yanke, wa ya sa ni. Ba wanda ya sa ni.

Sai Hajiya ta ce, “Bar shi, Su'ad. Ɗana, kai ka ji shi ai. Faɗa mini, me ya ce?”

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Ni kaɗai ne a duniya maganar Hamza ta bi ta hannuna, kusan awa biyu, kuma ban saurara ba. Na ji kunyar in ce mata kallonsa na yi kawai. Na ba ta labarin New York da fayafayai biyu da maroƙin kalangu, iya abin da na riƙe. Ta yi ɗan murmushi ta ce, “Shi ne. Haka yake cika mini kunne da wannan shirmen.” Ta ce, “Sai me kuma? Bai ambace ni ba?”

Zan iya yi mata ƙarya, ba wanda zai kama ni. Na kasa. Na ce, “Hajiya, ban ji sauran ba.” Ta sunkuyar da kai, ta ce Su'ad ta tashe ta su tafi.

Na roƙi Su'ad ta bar mini filas ɗin. Kwana uku na sa abin kunne na saurari waƙoƙin nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, abin da ya kamata in yi tun farko. A kaset na shida, tsakiyar wata waƙar hip hop, wurin da mawaƙin ya yi shiru ganga kaɗai ke bugawa, ashe ya manta makirfo a kunne. Ana jin an buga ƙofa, muryar mace daga nesa tana cewa, “Hamza, rage mana wannan hayaniyar!” Sai shi kuma, yana dariya: “To Umma, halas, na rage. Ki sa mini albarka.” Sakan bakwai ne cif. Sun tsira ne kawai don kiɗa ya rufe su, idona bai gan su ba.

Ranar Juma'a da hantsi na kai musu gida da kaina. Na kunna. Ta kama gefen katifa ta ce in sake. Na sake. Ta ce in sake. Da na yi wajen sau goma sai ta ce, “Ba ka ce mutanen can maimaita ɗan wurin suke yi ba? To kai ma maimaita mini shi, kar ya tsaya.”

Na koma shago na jera sakan bakwan nan a bayan juna har suka cika awa guda. A duk aikin da na yi a rayuwata babu mai muni kamarsa a kunne, ganga na katsewa, shuu na tashi, ko wanke shi ban yi ba. Su'ad ta gaya mini daga baya cewa sauran waƙoƙin ko sau ɗaya Hajiya ba ta ƙara nema ba. Kiɗan da ta yi shekaru tana faɗa a kansa shi ke tashi a ɗakinta kullum, kuma duk lokacin da ya ce ta sa masa albarka sai ta amsa, har Allah ya karɓi ranta a shekarar da ta biyo.

Mu'allim bai kore ni ba. Ya ƙara layi ɗaya ne a takardar karɓa, wanda kuke gunagunin cikawa: muryar wa ke ciki, kuma yana raye? Ku cika shi. Mutanen da ke hawo mana matattakalar nan da kwalin takalmi ba kasafai waƙa suke nema ba, waƙa tana ko'ina a wayarsu. Ku tambaya kafin ku taɓa, ku sa abin kunne ku saurara har ƙarshe, tari ne ko buga ƙofa, ku bar wa mai shi ya ce a yanke. Ita Hajiya Balki ta ce ta yafe mini, har addu'a ta yi mini a bakin ƙofa. Amma ta tambaye ni ko ɗanta ya ambace ta a cikin awa biyun nan, kuma ta rasu ban iya ba ta amsa ba.