Wa Ke Buƙatar Hita a Jigawa?

Motata ta farko tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ta sha duniya a ƙasar Turawa kafin ta faɗo hannuna. Wata uku da sayenta sai na fara ganin kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe kullum, ga lagireto na shan ruwa kamar raƙumi. Na kai ta wajen bakanikena, wani dattijo mai gareji a bayan unguwarmu ta Yalwawa a Dutse. Ya leƙa, ya shafa, ya sunsuna yatsarsa, ya ce akwai wata 'yar ƙaramar lagireto a can ciki mai ba hita ɗumi, ita ce ta huje. In gyara ake so sai an kwance gaban motar kaf, aikin wuni guda. In ba haka ba, ya cire tiyo biyun da ke kai mata ruwan zafi ya haɗe bakinsu, a huta.

Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wa ke buƙatar hita a Jigawa? Mu da rana ke gasa mu kyauta?"

Na yi dariya har da buga cinya. Ni ne ma na ƙara da cewa Bature ya yi abinsa ne don ƙanƙararsa. Kowa haka yake yi, kuma ni mutum ne mai gajen haƙuri, ba zan wuni a gareji a kan abin da ban taɓa kunnawa ba. Na ce ya haɗe.

Bayan shekara biyu, tsakiyar damina, Inna ta sa aka kira ni a waya. Baba kwanansa huɗu yana zazzaɓi, ya hana a gaya mini, wai sai ya gama maimai a gonar gero. Taurin kai dai gado ne a gidanmu. Na kama hanyar ƙauyenmu, can bayan Buji, ina ta faɗa ni kaɗai a mota. Da na gan shi sai na manta da faɗan. Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai, ga shi a ƙudundune, haƙoransa na haɗuwa. Ni da wani maƙwabci muka ɗauke shi zuwa kujerar gaba, aka lulluɓe shi da bargo. Inna ƙafarta ba ta barin ta yi tafiya, a ƙofar gida muka bar ta.

Ko kwalta ba mu hau ba hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na rufe gilasai ruf. Nan da nan numfashinmu da zafin jikinsa suka sa gilashin gaba ya yi gumi ta ciki, fari fat. Waifa na ta share waje a banza. Esi kuwa tun bara ya mutu. In na goge da hannun riga, kafin in sa giya ya dawo. Saura kaɗan in hau kan wani amalanken shanu.

Baba ya ce, muryarsa na rawa, "Kai, taka motar ba ta da abin ɗumin nan? Na taɓa shiga ta wani, ya murɗa wani abu, ƙafafuna suka yi ɗumi."

Na san abin da na yi, amma na murɗa. Iska mai sanyi ta buso masa a ƙafa, na yi maza na kashe. Na ce, "Ya lalace, Baba." Ban ce ni na sa aka yanke ba.

Tsayawa ba ta yiwuwa, jikinsa ƙara rikicewa yake. Tafiya kuma ba na ganin hanya. Na sauke gilashin gefena, bai wadatar ba, dole sai iska ta shiga nan ta fita can. Baba ya gane. Ya ce, "Buɗe nawa ma. Gara in ji sanyi da ka kashe ɗan wani a hanya."

Wallahi na buɗe. Da hannuna na buɗe. Feshin ruwa na dukan fuskarsa, bargon na jiƙewa, shi kuwa ya cire hularsa yana miƙa hannu yana goge mini gilashi, har hannun ya gaza ya koma kan cinyarsa. Haka muka shiga Dutse.

Washegari da la'asar ya cika a asibiti. Likita ya ce zazzaɓin ya riga ya yi nisa tun a gida, ba hanya ce ta yi ba. Na yarda, kwana ne ya ƙare. Amma yarda daban, abin da ke cin rai daban.

Bakaniken ya zo mini gaisuwa har ƙauye. Da na ba shi labari sai ya ce hitar nan da tana aiki, minti biyu ta ishe ta busar da gilashin, ba sai an buɗe ko'ina ba. Ya ce, "Shekara talatin ina haɗe tiyon nan, ban taɓa kawo damina a raina ba." Ban ji haushinsa ba. Ai tare muka yi dariyar.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Bai dai sha wahala a hanya ba ko?"

Na ce, "A'a, Inna. Barci ma ya yi ta yi."

Ta ce alhamdu lillahi, domin tun yana saurayi babu abin da ya tsana kamar sanyi, ko a bazara sai ya rufe ƙafa yake iya barci. Ta ce Allah ya yi mini albarka da na kai shi cikin rufin asiri. Na sunkuyar da kai na ce amin.