Ranar da Hajiya ta ce in kwaɗa wa tsoho sanda a ka

Shekarun baya, lokacin ina haya a wani bene da ke bayan titin Gate City Boulevard a Amurka, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ko in nemi motsa jiki ko in rungumi magani. Ni kuwa wuraren motsa jikin nan ba sa burge ni, saboda irin matsattsun kayan da ake sawa. Wata ƙawata 'yar Jos da muke aiki tare ce ta ce in biyo ta inda take zuwa duk Asabar.

"Ke dai ki zo," in ji ta. "Uniform ɗinsu har ƙasa yake, ya fi zanenki rufe jiki. Kuma za ki daki mutum free, babu mai kiran police."

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ta ƙarshen ce ta ja ni.

Wani ɗakin wasa ne suke haya a wajen Sedgefield, daɓen katako, kowa ba takalmi. Abin da suke koyo sunansa kendo, wasan takobi na mutanen Japan, sai dai takobin na gora ne da aka tsattsaga aka ɗaure. Waɗanda suka yi nisa suna sa sulke da kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, kuma kafin kwalkwalin sai sun ɗaura ƙyalle a ka. Na ce a raina, ɗaurin ɗankwali ne ai, a nan kam babu mai koya mini.

Malamin wani tsoho ne ɗan Japan, gajere, kansa fari fat, sa'an marigayi mahaifina. Kowa Sensei yake ce masa, wato malam, amma ni bakina Baba ya kama. Ranar farko na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, bawan Allah ya rugo yana tambayata ko gwiwata ce ta riƙe.

Takun ƙafa na koya, riƙon takobi na koya, har hannuna ya yi kanta. Matsalata guda ce. Sabon ɗalibi ba ya sa sulke, shi ne mai bugu, wani mai sulke kuma ya tsaya ya ba shi kansa. Dole ka zuba masa ido cikin ido, ka kurma ihu daga cikinka, ka sauke masa gora a tsakiyar ka. In ƙawata ce a gabana, ina ba ta har da gyara. Amma da zarar layi ya kawo ni gaban Baba, ya kauda takobinsa ya ɗan sunkuyar da kai, sai in kasa. Idona ya koma kan yatsun ƙafarsa, ihun ya fito kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta, in taɓa kwalkwalin a hankali in wuce. Ni da aka rene ni ko ido ba na haɗawa da babba, yau a ce in yi wa mai furfura ihu a fuska in rafka masa sanda?

Baba ne kaɗai ke yanke wanda ya isa sa sulke, kuma a gabansa ake gwajin. Waɗanda suka zo bayana suka samu, suka bar ni a layin sababbi. Abin ya dame ni ƙwarai, don na riga na ƙallafa rai a kan wasan nan. Na yi wa kaina alkawari, in gwaji na gaba ya wuce ban samu ba, na bari ke nan, in koma wa likita da maganinsa.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo mana ziyara daga gida. Ban taɓa gaya mata abin da nake yi ba, "motsa jiki" kawai nake cewa a waya. Ba ta daɗe ba ta ga gorar a bayan ƙofa.

"Ke, wannan sandar fa? Kiwo kika fara a Amurka?"

Na yi 'yan kame-kamena. Ranar gwajin kuwa ta riga ni sa mayafi. Ta ce zaman benen ya ishe ta, ƙafarta ƙafata. Na ce, "Hajiya, wurin akwai hayaniya." Ta ce ita da ta yi aikin hajji wace hayaniya ce ba ta gani ba.

Ta cire takalmi ta zauna a benci da carbinta. Da aka fara ihu na ji ta ce, "Innalillahi." Da layi ya kawo ni gaban Baba kuwa, abin ya fi na kullum lalacewa, ga tsoho a gaba, ga Hajiya a baya. Ko taɓawar kirki ban yi wa kwalkwalin ba.

Baba ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit. Ya yi mini magana da Turancinsa a hankali, ba faɗa. Ya ce duk sanda na tausaya masa, ce masa nake ya tsufa, bai isa a tsaya gabansa da gaske ba. Ya ce kansa ya ba ni kyauta don in koya, ni kuma kullum ina mayar masa da kyautarsa. Na ji hawaye ya taru mini.

"Ke, me yake cewa?" Muryar Hajiya ce daga benci.

Na juya na fassara mata a gaban kowa.

"Shi da bakinsa ya ce ki buga?"

"E, Hajiya."

"Kuma ba ya jin zafi a cikin kwanon nan?"

"Ba ya ji sosai."

"To wa ya koya miki babba ya sa ki aiki ki tsaya noƙe-noƙe? Ni dai ba ni ba."

Na koma na ɗaga takobi. Baba ya kauda takobinsa ya ba ni kansa, idona ya fara zamewa ƙasa kamar yadda ya saba. Sai na ji an kira sunana da ƙarfi, an ce, "Kwaɗa masa!"

Ni 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Hajiya ba ta taɓa kama sunana ba, daga "ke" sai "yarinyar nan", har na yi furfurar kaina. Ban san lokacin da na ɗago na kalli ƙwayar idon Baba ba. Wani ihu ya fito daga cikina wanda ni kaina ban san ina da shi ba, gorar ta sauka, ƙararta ta cika ɗakin. Ta cikin ragar ƙarfen na ga tsohon nan yana dariya. Ya ce in ƙara.

Na yi ta ƙarawa. Duk bugun da na sauke sai Hajiya ta ce, "Wayyo, sannu Baba," sannan ta ce, "Ƙara masa!" Ƙawata da ke jin Hausa ta tsugunna a cikin sulkenta tana dariya har da shessheƙa.

Da aka tashi Baba ya ce in nemi sulke, na isa. Hajiya ta laluba jakarta ta fito da man zafinta, ta kai masa da hannu biyu, tana nuna masa tsakiyar kai. Ya karɓa da hannu biyu ya sunkuya, ita ma ta rusuna, ya ƙara sunkuyawa, ta ƙara rusunawa, sai da na shiga tsakani.

A mota muna hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Hajiya, ɗazu kamar sunana na ji kin kira."

Ta juya tana kallon taga. Ta ce, "Ki kula da titi."

Yanzu ni ma ina cikin masu tsayawa su ba sababbi kansu, jinin kuma ya sauka, alhamdulillahi. Ban daina sunkuyar da kai gaban manya ba, kuma ba na fatan in daina. Amma na gane wani lokacin girmama mutum shi ne ka tsaya gabansa da duk ƙarfinka, kada ka rage masa komai. Ranar nan ni na ajiye kunyata don Baba, Hajiya kuma ta ajiye tata don ni, kuma na san tata ta fi nauyi. Har yau ba ta sake kiran sunan ba, ni ma ban sake tambaya ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.