Kafaɗar Maƙwabcina

A Ostireliya na yi digiri na biyu, can na kamu da son ƙwallonsu mai siffar ƙwai. Da na samu aiki a Madina, ina jin kewa ce ta sa nake tara 'yan'uwa ranar Alhamis a wani fili a unguwar Harra ta Gabas, ina koya musu.

A wasan an yarda ka dafa bayan mutum da gwiwa ka cafe ƙwallo a sama. Ba na tsammanin na yi wa maƙwabcina wannan bayani, wani ɗan Damagaram mai dakon kayan alhazai a filin jirgi. Na haye shi, ya faɗi kan baƙin dutse, kafaɗarsa ta goce, ga alhazai sun kusa fara sauka.

"Malam, ashe jaki kake nema?" ya ce, yana dariya yana cije leɓe.

Ya gaya wa kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, cewa santsi ya kwashe shi a matakala, don kada sunana ya fito. Aka ba wani gurbinsa, bayan Hajji maƙwabcin nawa ya koma gida. Wataƙila ko na je na yi magana ba abin da zai canja. Amma ban je ba, saboda ina tsoron a taɓa iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar.