Maraya Mai Uba

Lemuel Stamper bai iya shari'a ba, kuka ya iya. Tun yana sabon lauya, yana bin alƙali gari-gari a kan dokin aro, ya gano cewa in ya ce shi maraya ne ya share ido, zukata kan karaya, ɓarawon aladen da yake karewa ya koma gida abinsa. Wannan hawayen ne ya kai shi majalisar jihar Kentucky ta Amurka, inda ya yi shekara da shekaru yana ɗumama kujera. Doka ɗaya aka san shi da ita, ta hana awaki kwana a harabar kotu.

Uban da yake binnewa a kowane taro kuwa yana nan da ransa. Hosea sunansa, majemi ne, warin fata ya zauna masa a jiki. Da ƙarfinsa ya ƙare ya biyo ɗansa, sai Lemuel ya ajiye shi a bukka can ƙarshen gona, ya ce wa mutane mai gadi ne.

"Baba, kada ka shigo gari," yakan ce masa. "Me ka rasa a nan?"

A shekarar da Likita Crabtree ya fito takara, Lemuel ya ji wuta, sai ya ƙara wa maraicin gishiri. Ya san in ƙaryar ta fashe, kujerar ta tafi. Ranar zaɓe 'yan takara suka hau dandamali gaban kotu, kowane mai zaɓe ya zo ya faɗi sunansa da na gwaninsa da babbar murya, gwanin ya miƙe ya cire hula ya gode. Lemuel na cikin wannan rusune-rusunen ya hango tsohon a layi, sanye da rigarsa ta zuwa coci.

"Sunanka?" in ji magatakarda.

"Hosea Stamper."

Crabtree ya karkato yana murmushi. "Lauya, naku ne?"

"Haba Likita, Stamper ai sun fi ƙuda yawa a kan duwatsu."

Tsohon ya ji. Ya kafe ɗansa da ido. Magatakarda ya ce, "Dattijo, wa kake so? Mutane na jira."

"Lemuel."

Marar kunyar ya miƙe, ya cire hula, ya rusuna kamar yadda yake yi wa kowane mashayi. "Na gode, Mista Stamper."

Hosea ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi, sai kuma ya waiwayo.

"Lem, gyara wuyan rigarka. Kamar ba ka da kowa."

Kafin lauya ya yi tunani, hannunsa ya riga ya kai wuya. Ya gyara, a gaban duk garin.