Ranar da Peniasi Ya Riga Kowa Roƙo

Peniasi direban gireda ne a ma'aikatar ayyuka, tun yana saurayi yake baje titunan bayan garin Suva a ƙasar Fiji. Ƙato ne mai saurin dariya, amma Allah bai ba shi bakin cewa a'a ba. To wa ma ke da shi a cikinmu? In ɗan'uwa ya sunkuyar da kai ya ce maka kerekere, kalmar roƙon nan da ba a ƙi, ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe ka miƙa. Shi dai Peniasi nasa ya yi yawa. A yi rasuwa a ƙauyensu can tsibirin Kadavu, ya ci bashin albashi. Rufin coci ya yi yoyo, ya sake ci. Kafin albashi ya iso hannunsa an zabtare bashin da kuɗin ruwansa, sai ya shigo gida da ƙullin rogo da gwangwanin kifi yana fito abinsa.

Matarsa Vasemaca malamar firamare ce, ita ke jin haushin a madadinsa.

"Kai wai ruwan bashin nan ba ya ci maka rai? Ana yankar ka kana washe baki!"

"Haba malama, ai ni ma ina da inda nawa ke taruwa."

Asusun tanadin ma'aikata yake nufi. Duk wata a cire kaɗan daga albashinsa, gwamnati ta ƙara nata, ƙarshen shekara a zuba riba, ribar ma ta haifi tata. Abin da ya fi burge shi, babban kason a kulle yake sai mutum ya cika hamsin da biyar. Nan kaɗai ne kerekere ba ta iya kutsawa, don ko shi mai kuɗin bai isa ya taɓa ba.

Buri ɗaya ya ɗora a kan kuɗin, kwalekwale mai inji. Mahaifiyarsa, Inna Talica, tana can ƙauye ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, asibiti kuma yana tsallaken ruwa. Duk zuwa sai ta zauna a bakin gaɓa tana jiran jirgin wani, in an kai ta kuma tana rawar jiki kada mai jirgi ya gaji da jira. Wannan abu ya daɗe yana sukar Peniasi a zuci.

Sai dai ba shi kaɗai ya san ranar haihuwarsa ba. Da shekarar cikarsa hamsin da biyar ta kama, wayarsa ta daina hutawa. Wanda ya fi kowa naci shi ne taubashinsa Waisake.

"Attajiri! An ce kuɗinka sun nuna. Ka dai san janaretana ya mutu ko? Ba roƙo nake ba tukuna, labari nake ba ka."

"Uban wa ya ce ka haɗa masa firji biyu?"

"To ka zo gida dai, ka ji sauran labarai."

Vasemaca ta jero masa masu irin wannan labari, ta ce in ya amsa wa kowa, ko filafilin tuƙi ba zai saya ba. Ranar ce ta fara ganin mijinta ya ture kwanon gwaza da kifi bai cinye ba. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san kansa, da zarar an furta kalmar nan a gabansa jirgi ya tafi.

Ana sauran 'yan kwanaki su tafi ƙauye ya dawo daga kasuwa rungume da damin saiwar yangona da ake jiƙawa a sha a taro, irin babban damin da ake kaiwa in za a nemi abu mai nauyi.

"Wa za ka roƙa kuma?" in ji Vasemaca.

"Kowa da kowa."

Da suka isa, zauren ƙauye ya cika maƙil da rana tsaka. Kowa ya sha wanka, kowa da buƙatarsa a baki, ana ta yi masa murmushi kamar ango. Amma wanda ya zo daga tafiya shi ke fara ajiye yangonarsa ya yi magana, wannan ko yaro ya sani. Peniasi ya durƙusa gaban Kawu Ilisoni, babban gidansu, ya dafa damin da hannu biyu.

"Iyayena, 'yan'uwana, tun da na kama aiki ban taɓa roƙon ku komai ba. Yau na zo da nawa. Kerekere, ku bar mini kuɗin nan in sayi jirgi in riƙa kai Inna asibiti."

Kawu Ilisoni ya daɗe yana kallon sa, ga shi shi ma da tasa maganar kwanon rufi a ciki. Can sai ya miƙa hannu ya jawo damin, ya tafa. Magana ta ƙare, an karɓa.

Waisake ya dafe kai. "Kai, ɗan banzan nan ya riga mu! Da makaminmu ya yanka mu!"

Dariya ta ɓarke har mata na riƙe ciki. Vasemaca kuwa tana dariya tana share ido da gefen zani.

Jirgin da ya saya shuɗi ne, kuma kada ku ɗauka Peniasi ya huta. Yanzu jirgin ake yi wa kerekere: 'yan makaranta, masu kai gwaza kasuwa, har janaretan Waisake shi ya kai gyara. Ya ajiye gireda, amma aikinsa ya fi na da yawa, ya kuma fi ƙiba.

Amma fitar farko ta Inna Talica ce. Da ta fito daga wurin likita sai ya hango ta tana ɗingishi da sauri kamar yadda ta saba, tana haki.

"Yi maza ɗana, kada mu ɓata wa mai jirgi lokaci."

"Inna, mai jirgin ba ya sauri."

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi jirgin. Sannan ta gyara zama a gaba, ta miƙe ƙafafu.

"To in haka ne, bi da ni ta ƙauyen da aka haife ni. Rabona da ganin yayata tun kafin gwiwar nan ta fara."