Gaisuwa a Tsakiyar Gulbi

Surukina ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, kuma ina yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa kowane musulmi. Amma abin da ya yi mini a gulbi ban yafe ba, ba na kuma son wani ya tashi bayan raina ya ce na yafe.

A shekarun da Nasara ya tattara nasa ya nasa ya bar mana ƙasa, ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, ina noman hatsi da gyaɗa. Gyaɗar wata damina mai albarka ce ta saya mini keke, baƙi wul, sabo fil, wanda aka shigo da shi ta Jibiya. A lokacin masu keke a yankinmu ba su da yawa, duk mun san juna. Ranar kasuwa, in an fara watsewa da la'asar, sai mu jeru a bakin kasuwa mu yi tsere zuwa wata kuka da ke kan hanyar Cadakori mu dawo. Ba a cin komai sai ihun jama'a da guɗar mata masu fura. Mu dai nishaɗi muke yi.

Da farko kullum ni ne abin dariya. Ƙarfi ina da shi, dabara ce babu. Da an ce a tashi sai in fizga kamar an koro ni, kafin a kai kuka numfashi ya ƙare, a dawowa kowa ya bi ta gefena yana yi mini sannu. In kuwa muka faɗa cikin rairayi, keken ya yi ta rawa da ni har ya kayar.

Wanda ya gyara ni wani tsohon soja ne mai gadin sito na gyaɗa, wanda ya yi yaƙin Nasara kuma ya ga yadda suke tsere a ƙasarsu. Bakinsa ba daɗi. Ya ce ina tuƙi kamar mai kai buhu kasuwa, ya sa na cire kariyar ɗora kaya da duk wani ƙarfen da ba ya ƙara gudu, ya ɗaga mini sirdi har ƙafata tana miƙewa a kan feda. Ya koya mini in sunkuya, in laɓe a bayan na gaba ya sha mini iska, in ajiye ƙarfina sai an kusa. Rairayi ne kaɗai ya ce ba shi da ilminsa, don can inda ya gani babu shi. Wannan ni na nemo da kaina, a cikin gulbi da rani, bayan ruwa ya janye ya bar yashi zalla. Na faɗi har gwiwoyina suka daina warkewa, sannan na gane. A rage wa taya iska kaɗan, a koma can bayan sirdi, a saki sitiyari ya nemi hanyarsa, kada a murɗa shi. Babban abu kuma, ƙafa kada ta daina juyawa. Da zarar ka sa ƙafa a ƙasa a tsakiyar yashi, shi ke nan, ba ka sake hawa sai ka tura zuwa ɗaya gaɓar. Kafin wata kaka ta zagayo, ni kaɗai ne a yankin ke ƙetare gulbi a kan keke ban sauka ba.

Matata ƴar wani tsohon gida ce a kusa da Tibiri, irin gidajen da ke lissafa kakanninsu har su gaji. Mu kuwa kakanninmu daga arewa suka gangaro da awaki da raƙuma, suka zauna suka kama noma. Mahaifinta bai taɓa mantawa da wannan ba. Ya ba ni ita ne don ta kafe, kuma ƴan'uwansa sun sa baki, amma tun ranar yake jira in yi wani abu da zai nuna wa duniya cewa gidanmu ba a san tarbiyya ba. Saboda haka nake taka-tsantsan da shi fiye da kowa. In na hango shi a hanya, tun daga nesa nake sauka daga keke, in tuɓe takalmi, in durƙusa, ba na tashi sai ya sallame ni. Haka kowane suruki ke yi a ƙasarmu, amma ni nawa har da ƙari. Da ya ji ina tsere, ya aiko a gaya mini cewa magidanci da gajeren wando a bainar jama'a abin kunya ne. Ƙanin matata kuwa, ɗansa na cikinsa, yana cikin masu tseren nan da wani tsohon keken gidansu, amma uban bai taɓa ce masa kanzil ba.

Yaron nan, saurayi ne mai tsawo da baki, ni na koya masa duk abin da tsohon soja ya koya mini. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanin matarsa, shi kuma ya riƙe wasan nan ya mai da shi wuƙa. Duk abin da ubansa ke faɗa a zaure, shi sai ya faɗa mini a kasuwa yana dariya, in na ɓata rai a ce ban san wasa ba. Ya iya gudu, ba zan hana masa ba. Yashi ne ya gagare shi, don ba shi da haƙurin faɗuwa.

Wata ranar kasuwa bayan kaka mai shela ya zaga da ganga, ya ce sabuwar gwamnati za ta yi tseren keke na ƙasa baki ɗaya a Yamai, kowane yanki zai aika da nasa. Mu namu za a tashi daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, wanda ya riga isa shi za a ɗauka a mota a kai Yamai. Ni da ban taɓa wuce Maradi ba, na ji abin ya shiga raina ya zauna. Ina son in ga babban kogin da ake faɗa, ina son a kira sunan ƙauyenmu a gaban manya, ina kuma son surukina ya ji an kira sunan da kunnensa. Da aka faɗi hanyar da za a bi, na san nawa ne, domin dab da Tibiri sai an ƙetare gulbi. Kowa ma ya san haka, har da ƙanin matata, wanda ya dube ni ya yi murmushi. Murmushin ya ba ni mamaki, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar tsere muka tashi da sassafe, wani matashin mushe na lakol, wato malamin makarantar boko, ya ɗaga tuta ya sauke. Na yi yadda aka koya mini. Na laɓe a bayan wani ƙato daga Cadakori ya yi ta sha mini iska har ya fara haki, sannan na fita. Ƙauyuka suna wucewa, mutane a bakin hanya suna ihu, jikina kuma sai ƙara sakewa yake yi. Da hantsi ya ɗaga na waiwaya, na ga na baya sun zama ƴan ɗigo-ɗigo. Na gangara gaɓar gulbi ni kaɗai, na koma bayan sirdi, na saki hannu, taya ta shiga yashi tana tafiya sumul.

Sai na hango tabarma. A tsakiyar gulbi, daidai kan sawun da ake bi, ba inuwa ba komai, surukina na zaune cikin babbar riga da carbi a hannu, da dattawan unguwarsu biyu a gefensa. Babu mai hankalin da zai shimfiɗa tabarma a nan da hantsi sai mai nufi. A can gaɓar kuwa mutanen garinsu ne cike, maza da mata, sun zo kallon tsere, yanzu duk sun zuba mini ido.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba, don babu lokacinsa. Na dai san abu biyu. In na sa ƙafa a ƙasa Yamai ta tafi. In kuma na wuce shi a guje da gajeren wando, na watsa masa yashi a gaban dattawa, to na ba shi abin da ya daɗe yana nema, kuma ba ni kaɗai za a zaga ba, har uwata da kakannina. Na ja birki. Na kwantar da keke, na tuɓe takalmi, na durƙusa a kan yashi mai zafi.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau," ya ce, a hankali, kamar mai tauna goro. "Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ɗiyata lahiya take?"

Na amsa. Ya tambayi tsohuwata, ya ce an gaya masa ƙafarta na damunta, wane magani aka yi mata. Ya tambayi hatsi, ko rumbu ya cika. Ya tambayi gyaɗa, ya tambayi rijiyar ƙauyenmu ko an yashe ta. Sai ya juya ga dattawan ya ce su ma in gaishe su, kowanne kuma ya ɗauko tasa gaisuwar tun daga farko. Kaina na sunkuye, ina kallon gumina na ɗiga a yashi yana bushewa. Ina ji a bayana na farko ya iso, ya sauka yana tura keke yana nishi, ya wuce. Wani ya wuce. Sannan na ga ƙafafun da na sani, dogaye, suna tura tsohon keken gidansu. Ƙanin matata ya bi ta bayan ubansa ko kallonsa bai yi ba. Shi ai ya gaishe shi tun da asuba a gida, babu wata gaisuwa a kansa. Tsohon bai waiwaya ba, amma carbin ya tsaya a hannunsa har sai da ihu ya tashi a gaɓa, alamar ɗansa ya hau tudu.

Sannan ya ce, "To, tashi ka tahi, kak ka makara. Na ga kamar sauri kaka yi."

Ban taɓa jin ƙin mutum kamar yadda na ji a wannan lokacin ba. Na ce masa na gode. Har yau in na tuna na ce na gode sai in ji ɗaci a bakina.

Na tura keke har gaɓa, na hau, na yi gudun da ban taɓa yi ba kuma ban sake yi ba. Na kamo waɗanda suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, amma hanyar da ta rage ba ta da tsawo. Ina shiga Tibiri na tarar an ɗaga ƙanin matata sama ana guɗa. Tsohon soja, wanda ya riga mu zuwa a motar gyaɗa, ya ji labari ya yi kan mushen nan yana zage-zage, yana cewa a sake tsere. Mushe ya ɗaga kafaɗa ya ce dokar tsere ba ta san suruki ba, kuma babu wanda ya ce in sauka. Gaskiyarsa ce, kuma da na samu dama da na mare shi a kanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabo. Duk inda na bi a garin sai a tare ni ana sa mini albarka. Wai ba a taɓa ganin suruki mai ladabi irina ba, wai ashe mutanen arewa ma sun san ya kamata. Tsofaffi mata har da shafa mini kai. Ina tsaye da yashi a gwiwa, ana yaba mini a kan abin da aka yanka ni da shi, kuma dole in yi murmushi in ce amin.

Da na koma gida na tambayi matata ko ta san da shirin. Ta rantse ba ta sani ba, kuma na yarda da ita. Ta yi kuka, sannan ta ce, "Da ka wuce shi, da yau ban kwana gidanga ba." Wannan ma gaskiya ce. Na rasa wanda zan huce a kansa, na fita na zauna bayan rumbu har aka kira magariba.

Na ɗauka an gama. Ana saura ƴan kwanaki tafiya Yamai sai ga ɗaya daga cikin dattawan tabarmar nan ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bayan gaisuwa ya ce surukina ne ya aiko shi. Keken yaron ya tsufa, ba zai yiwu a je Yamai a kunyata yanki da shi ba, kuma kowa ya san babu keke irin nawa. Yana roƙon in ara masa. Ya faɗi kalmar roƙo yana kallon ƙasa, don shi ma ya san ba roƙo ba ne. Da na gaya wa tsohon soja, ya ce in ce sarƙa ta tsinke, ko in jefa shi rijiya in huta. Amma wanda ya durƙusa a gulbi a gaban gari guda ba ya hana aron keke bayan kwana kaɗan, sai a ce dama ladabin na ƙarya ne.

Ƙanin matata ya zo ɗauka da kansa, da sabuwar hula. Ya hau ya zaga tsakar gida, ya sauko ya ce, "Mijin yaya, birkin ga ya yi tauri, ka sassauta mini shi." Na ɗauko sufana na durƙusa na sassauta masa, yana tsaye a kaina yana fito. Na bi su har tasha a Maradi, ban san abin da ya kai ni ba, na ga an ɗaure kekena a saman mota da igiya, na tsaya har motar ta ɓace.

Keken ya je Yamai ya ga kogi. Ya dawo da taya a lanƙwashe, mai hawansa kuma bai kawo komai ba, ba wanda ya tambaye shi dalili. Na gyara shi, na ci gaba da hawa zuwa gona da kasuwa, amma tsere ban ƙara yi ba. Surukina ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk sallah da duk rashin lafiya ina zuwa gaishe shi. Sai dai tun daga ranar, in zan je garinsu a gida nake barin keke in taka da ƙafa, komai rana komai nisa. Ya tambaye ni sau ɗaya ina keken, na ce yana gida. Bai sake ganina a kan komai ba, balle in sauka masa.