Famfon Baba Josiah Mai Zubar da Ruwa

Duk wanda ya bi rafin da ke ƙasan Tagwai zai ji famfon Baba Josiah tun kafin ya ga mai shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana faskare. Ba ya shan fetur, ba ruwansa da wutar lantarki. Ruwan rafi ne ke gangarowa ta dogon bututu ya doki wani bawul na ƙarfe, bawul ɗin ya rufe da ƙarfi, wannan dukan ya tura ɗan ruwa ya hau tudu zuwa lambu. Sauran ruwan, wanda shi ne mafi yawa, sai ya fantsama ƙasa ya koma rafi.

Josiah manomi ne ɗan manomi, amma ƙuruciyarsa a aikin famfo ya ƙarar da ita cikin gidajen Minna. Da ya dawo gona, ya harhaɗa wannan abu da ragowar bututu da tsohuwar tukunyar kashe gobara. Wasu suka ce tsafi ne, wasu suka ce ɓarnar ruwa ce. Bai tanka wa kowa ba sai da rani ya yi, alayyafonsa ya yi kore shar, sannan ya riƙa bin masu dariyar yana musu sannu da rana. Marigayiya matarsa Felicia takan ce taurin kansa ya isa a daka sakwara a kai, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Bara da damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo da kyar, hannu ya ƙi. Babban ɗansa Ernest, mai shagon kayan gini a Sabon Gari, ya yanke shawara a sayar da lambun, tsoho ya koma gidansa ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, don shi ya tsinci uban a kwance tsakanin kunyoyin lambu. Amma a kunnen Josiah, hutun nan da kabari duk ɗaya ne.

Kullum yana zaune bakin bukkar lambun yana ƙoƙarin damƙe lemun tsami da hannun da ya shanye, lemun yana suɓucewa. Ernest ya ce wahalar banza ce. Autar Josiah, Rhoda, wadda ke bincike a jami'a kan yadda ƙwayoyin halitta ke kashe kuzari, ita ce ta zauna kusa da shi tana tsinto masa lemun.

"Baba, jikinku ma irin famfonku ne," in ji ta. "Tuwon da kuka ci, wani kaso ne kawai ke zama ƙarfin aiki, saura zafi ne ya fita. Ba abin da ke aiki bai zubar ba. Ƙwaƙwalwa kuma hasashe take yi, ta kuskure, ta gyara. Wannan suɓucewar da ita take koyon sabuwar hanya."

Ya harare ta. "Sai da na biya miki makaranta za ki gaya mini abin da bututu ya gaya mini kyauta?" Amma ya ji daɗi har ransa, ya karɓi lemun.

Wata Asabar Ernest ya kawo mai saye. Mutumin ya ga ruwa na fantsama, ya yamutsa fuska ya ce famfon ya lalace. Ernest, don ya rufa wa kaya asiri, ya samo igiyar roba ya ɗaure bawul ɗin tamau. Zubar ruwa ta tsaya. Famfon ma ya tsaya.

Shirun ne ya taso Baba Josiah daga bukka. Ya gangaro yana dogara sanda, yana jan ƙafa, ransa a ɓace. Ya durƙusa kan dutse mai santsi, ya warware robar da hannun hagu da haƙori. To, famfon nan in ya tsaya ba ya tashi da kansa. Sai an yi ta danna bawul ɗin ana saki har ya kama bugu. Hannun hagu kuwa dole ya koma riƙe dutse, in ba haka ba tsoho ya faɗa rafi.

"Baba, ku bari in danna," in ji Ernest.

"Taɓa ka gani."

Ya cicciɓo hannun dama daga kafaɗa ya aza kan bawul ɗin. Ya zame. Ya sake, ya sake zamewa, ruwa ya watsa masa a fuska. Mai saye ya kawar da kai don kunya. Ernest hawaye ya cika masa ido, yana ta "Baba, don Allah." Tsoho bai ko dube shi ba. Dannawa nawa suka tafi a banza, ba wanda ya ƙirga. Can dai tafin hannun ya zauna daidai, ya danna, ya ɗaga, ya danna, ya ɗaga, sai ƙarfe ya amsa daga ƙasa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ya daɗe a durƙushe, jiƙe sharkaf. Sannan ya ɗago ya dubi ɗansa.

"Ka ga yana zuba, ka ce ya lalace, ka ɗaure shi. Haka kake so ka yi da ni a gidanka." Ya miƙa masa hannun dama, yatsun a lanƙwashe. "Kama nan ka tashe ni. A'a, ba wancan ba. Wannan."